Jami'a a Bakin Ruwa: Tsarin da Ke Farawa Daga Bakin Masunta

Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Amurka, mu ga yadda jami'o'in can suke tsara binciken teku da manyan tafkuna, da yadda suke miƙa abin da suka gano ga mutanen da abincinsu ke cikin ruwa.

Da asubahin Asabar, 2 ga Agustan 2014, hukumomin birnin Toledo da ke jihar Ohio suka fitar da sanarwa mai tayar da hankali. Suka ce kada kowa ya sha ruwan famfo, kada kuma a tafasa shi, domin tafasawa ƙara masa guba take yi. Mutum fiye da dubu 400 suka wayi gari ba ruwan sha, ga tafkin Erie shimfiɗe a gabansu iya ganin ido. Wata irin gansakuka ce ta lulluɓe wurin da birnin ke jan ruwa, tana fitar da dafin da ke lalata hanta. Sai ranar Litinin aka ce ruwa ya shawu.

A cikin kwanakin nan uku, masanan da suka yi wa jama'a bayanin abin da ke faruwa ba ranar suka fara karatun tafkin ba. Jami'ar Jihar Ohio tana da ɗakin bincike mai suna Stone Lab a wani ɗan tsibiri cikin tafkin, wanda asalinsa ya faro tun 1895. Masanan sun san cewa Erie ya fi sauran manyan tafkunan yankin rashin zurfi da saurin ɗumi. Sun san cewa gansakukar ta addabi tafkin a shekarun 1960, ta lafa bayan yarjejeniyar tsaftace ruwa da Amurka da Kanada suka ƙulla a 1972, sannan ta dawo a shekarun 1990. Sun kuma san inda take samun abinci: sinadarin fosforas na takin gonaki, wanda ruwan sama ke wankowa cikin kogin Maumee, kogin kuma ya juye shi a tafkin. Tun kafin ranar tashin hankali, matsalar tana rubuce cikin jerin abubuwan da suka ɗaura wa kansu. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan shi ne amfanin tsarin dogon zango, kuma shi ne abin da nake so mu tattauna.

Ɗakin binciken nan yana aiki ne ƙarƙashin wani shiri na ƙasa baki ɗaya da ake kira Sea Grant. Tushensa na komawa ga aikin gona. A 1862 Amurka ta yi dokar da ta ba jihohi filaye domin su kafa jami'o'in koyar da noma da sana'a, a 1914 kuma ta yi wata dokar da ta tura ma'aikatan jami'o'in zuwa ƙauyuka. Mu a nan mun san irin wannan ma'aikaci, shi ne malamin gona. A 1963 wani masani mai suna Athelstan Spilhaus ya tsaya gaban taron masana kifi ya ce tunda an yi wa manomi haka, me zai hana a yi wa masunci? Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island da ɗan majalisa Paul Rogers na Florida suka ɗauki maganar, kuma a 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu ta zama doka. A 1970 aka mayar da shirin ƙarƙashin hukumar kula da teku da yanayi ta NOAA. A 1971 jami'o'i huɗu suka fara samun cikakken matsayi: ta Jihar Oregon, da ta Rhode Island, da ta Washington, da Texas A&M. Yau shirye-shirye 34 ne, a duk jihar da ta taɓa teku ko manyan tafkuna, har da tsibiran Puerto Rico da Guam.

Akwai wani sharaɗi a dokar da ya kamata mu riƙe. Duk dala biyu da gwamnatin tarayya ta bayar, sai an samo dala ɗaya daga wani wuri, ko jiha, ko jami'a, ko 'yan kasuwa. Wanda ya sa kuɗinsa a abu yana da bakin tambaya. Saboda haka tun daga tushe, jami'ar ba ta da damar rufe ƙofa ta binciki abin da ya burge malamanta kawai.

To, yaya ake rubuta tsarin? Duk bayan shekara huɗu ofishin ƙasa yakan fitar da babban tsari, kamar wanda aka yi na 2024 zuwa 2027. Kowace jiha kuma sai ta rubuta nata, ya dace da na ƙasa, ya kuma dace da ruwanta. Fagage huɗu ne aka yi shekaru ana tafiya a kansu. Na farko, lafiyar muhallin gaɓar ruwa. Na biyu, kamun kifi da kiwonsa ta hanyar da ba za ta ƙarar da shi ba. Na uku, garuruwa da sana'o'in da za su iya miƙewa bayan guguwa ko ambaliya. Na huɗu, ilimantar da jama'a da horar da matasan da za su gaji aikin. Waɗannan kanun magana ne kawai, kowa ma zai iya rubuta su. Ni a ganina tambayoyi uku ne ke raba tsari mai rai da takardar da za ta kwanta a durowa: wa aka tambaya, me aka haƙura da shi, kuma da me za a auna.

Mu fara da ta farko, domin ita ce uwa. Kafin a rubuta layi ɗaya, shirin jiha yakan rarraba takardun jin ra'ayi, ya kira tarurruka a garuruwan gaɓa, ya zauna da kwamitinsa na masu ba da shawara. A irin wannan kwamiti ana samun masunta, da masu kiwon kawa, da masu tashar jiragen ruwa, da malaman makaranta, da jami'an ƙananan hukumomi. Sama da duk waɗannan akwai ma'aikacin wayar da kai, wanda a garin yake zaune, da mutanen yake cuɗanya, a bakin jirgi yake jin kukansu. Shi ke ɗauko tambaya daga bakin ruwa ya kai jami'a, ya kuma ɗauko amsa ya dawo da ita cikin harshen da masunci zai gane.

Ga misalin da ke nuna darajar wannan saurare. A shekarun 1980 kunkurun teku sun tasar wa ƙarewa a kudancin Amurka. Kunkuru iska yake shaƙa, idan tarun masu kamun jatan lande ya ja shi ƙarƙashin ruwa na dogon lokaci sai ya mutu. Wani jinsin da ake kira Kemp's ridley, gurbin ƙwai 702 kacal aka ƙirga masa a 1985 a gaɓar Meksiko inda yake nasa ƙwai. Gwamnati ta ƙera wata na'ura da za a ɗaura a taru don kunkuru ya sami mafita, amma masunta suka ce ta yi nauyi, tana da haɗari a kan jirgi, tana kuma zubar musu da kamu. A 1987 aka yi dokar tilasta amfani da irin wannan na'ura, a 1989 kuma rikici ya kai ga masunta suka tare hanyoyin jiragen ruwa a gaɓar Texas da Louisiana. Alhali tun shekaru kafin haka, wani masunci a jihar Jojiya mai suna Sinkey Boone ya riga ya ƙera wani ɗan shingen ƙarfe da yake sakawa cikin tarunsa, don ya kawar da wata halittar ruwa mai yauƙi da ke cika masa taru. Jatan lande na wucewa ta tsakanin sandunan, babban abu kuma ya zame ya fita ta wata ƙofa. Ma'aikatan wayar da kai na Jami'ar Jojiya suka gwada irin wannan ƙira a jirginsu na bincike, aka tabbatar tana kuɓutar da kunkuru, hukuma ta amince da ita, kuma masunta suka fi karɓarta domin daga hannun ɗan'uwansu ta fito. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'ar da ta rubuta tsarinta ba tare da ta ji daga irin su Boone ba, ta bar rabin ilimin a waje.

Tambaya ta biyu ita ce mafi ɗaci: me za a haƙura da shi? Kuɗin da gwamnatin tarayya ke ba dukkan shirin bai kai dala miliyan 100 a shekara ba, ga wurare 34 da za a raba wa. A kasafin Amurka wannan ɗan abu ne ƙalilan. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Dole jihar Louisiana, wadda ruwa ya cinye mata ƙasa kimanin murabba'in kilomita 5,000 tun daga shekarun 1930, ta sa zaizayar gaɓa a gaba. Dole jihar Maine, da ruwanta ke saurin ɗumama, ta damu da makomar masuntanta da sababbin sana'o'i irin su noman ciyawar teku da kiwon kawa. Jihohin manyan tafkuna kuwa suna fama da baƙin halittu, irin wata 'yar ƙaramar kawa da aka fara gani a tafkin St. Clair a 1988, wadda ta shigo cikin ruwan da manyan jirage ke ɗaukowa daga Turai, ta yaɗu har tana toshe bututun ruwan birane da masana'antu.

Da zarar an tsayar da abubuwan da aka sa a gaba, sai su zama ma'aunin rabon kuɗi. Yawanci duk shekara biyu ake kiran malaman jami'o'in jihar su kawo buƙatun bincike. Masana daga waje su duba ingancin ilimin, sannan a duba ko aikin ya amsa wata buƙata da ke cikin tsarin, da kuma wanda zai yi amfani da sakamakon. Bincike na iya yin kyau matuƙa a idon masana amma a ajiye shi, saboda bai taɓa abin da aka yi wa jama'a alkawari ba. Ina ganin a nan ne ake gane ko shugabannin shiri da gaske suke. Faɗa wa babban farfesa "a'a" abu ne mai wuya, amma tsarin da bai taɓa hana kowa komai ba bai shiryar da kowa ba.

Ta uku, aunawa. Kowane shiri yana ba da rahoto duk shekara, kuma lokaci-lokaci akan turo tawagar masana daga waje su zo su gani da idonsu, su zauna da ma'aikata, su kuma ji daga bakin mutanen gari. Sakamakon wannan dubawa yana shafar wani kaso na kuɗin da shirin zai samu. A 2006 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta nazarci yadda ake wannan tantancewa, ta ba da shawarar a ɗaure ta sosai da tsarin da kowane shiri ya rubuta. Ma'ana, a auna mutum da alkawarin da ya ɗauka da bakinsa.

Sai dai a nan akwai tarko, kuma ba zan ɓoye muku shi ba. Abin da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ne yawan tarurruka, da yawan waɗanda suka halarta, da yawan takardun da aka buga. Abin da ya fi muhimmanci kuwa, wato ko kifi ya dawo, ko ruwa ya tsarkaka, ko ɗan masunci zai iya rayuwa da sana'ar ubansa, yakan ɗauki shekara goma ko ashirin kafin ya bayyana, alhali tsarin na shekara huɗu ne. Bayan abin da ya faru a Toledo, jihar Ohio ta kafa asusun bincike na musamman kan gansakuka a 2015, a 2016 kuma Amurka da Kanada suka amince a rage fosforas ɗin da ke shiga yammacin tafkin da kashi 40 cikin 100. Birnin ya inganta yadda yake ganowa da tace dafin. Amma har yanzu gansakukar na fitowa duk lokacin zafi, domin sauya yadda dubban manoma ke zuba taki ya fi ƙarfin ɗakin bincike. Jami'a na da ilimi, iko kuma na hannun hukuma da masu gona. Tsari mai gaskiya yakan bambance abin da yake iya yi da kansa da abin da sai ya lallashi wasu.

Tarko na biyu shi ne muryar da ta fi ƙara. Idan aka kira taron jin ra'ayi, mai babban kamfani yana da lokacin zuwa, yana da lauya, yana da bakin magana. Ƙaramin masunci yana kan ruwa a daidai wannan lokacin. Haka 'yan asalin ƙasar da ke da haƙƙin kamun kifi tun kaka da kakanni, haka baƙin da suka zo daga Biyetnam suka zama babban ɓangare na masu kamun jatan lande a gaɓar kudu, waɗanda wasunsu Turancin bai zauna musu ba. Idan ba a tashi takanas an je inda suke ba, za a rubuta tsarin masu hali a kira shi na jama'a.

Wani zai ce, to ina amfanin tsari tunda bala'i ba ya sallama? Gaskiya ne, ba ya yi. Ranar 20 ga Afrilun 2010 rijiyar mai ta Deepwater Horizon ta fashe a Mashigin Tekun Meksiko, mutum 11 suka rasu, ɗanyen mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Babu shirin da ya rubuta wannan a jadawalinsa. Amma da aka rufe wuraren kamun kifi, mutane suka ruɗe, suna tambaya ko kifin ya ciwu, yaushe za a buɗe ruwa, yaya ake neman diyya, wa suka nufa? Da yawa sun nufi ma'aikacin wayar da kai da suka sani tun kafin ranar, wanda ya tsaya da su bayan guguwar Katrina a 2005. Daga baya, da kamfanin mai na BP ya ware dala miliyan 500 don binciken shekara goma kan illar man, shirye-shiryen Sea Grant na jihohin gaɓar aka ɗora wa aikin fassara sakamakon ga jama'a. Amana ce ta jawo haka, ita kuwa amana a hankali ake tara ta. Ƙa'idar da ma'aikatan suka riƙe ita ce kada su zama 'yan kamfen na kowane ɓangare: su kawo abin da ilimi ya nuna, ko ya yi wa gwamnati daɗi, ko ya yi wa masunta ɗaci. Saboda haka tsari mai kyau yana tanadar mutane, yana kuma ajiye ɗan kuɗin ko-ta-kwana don abin da ba a zata ba.

Amanar nan ta yi rana a fagen siyasa ma. A 2017 fadar shugaban Amurka ta ba da shawarar a soke kuɗin shirin gaba ɗaya. Majalisar dokoki ta ƙi, 'yan jam'iyyu biyun suka haɗu a kan haka, domin masunta da masu kiwon kawa da shugabannin garuruwa sun fito sun faɗi abin da shirin ya yi musu. A farkon 2025 aka sanar da yanke kuɗin shirin jihar Maine, mutanen gaɓa suka yi ca, aka dawo teburin magana, daga baya aka mayar da tallafin. Duk shirin da mutanen gari suka sa hannu wajen tsara shi, su ne za su tsaya masa ranar da aka zo rushe shi.

Jama'a, wannan magana ta iso har yankinmu na Afirka ta Yamma. Daga 2014 zuwa 2021, cibiyar kula da albarkatun gaɓa ta Jami'ar Rhode Island ta jagoranci wani shiri a Ghana da kuɗin hukumar USAID, tare da Jami'ar Cape Coast da ƙungiyoyin cikin gida. Damuwar ita ce ƙananan kifayen nan dangin sadin, waɗanda mata ke bandawa ana kai su kasuwanni har zuwa arewacin ƙasar, har cikin tukwanen zango-zango. Kamunsu ya faɗi warwas tun daga shekarun 1990. Masana suka ba da shawarar a rufe teku na wata guda a Agusta, lokacin da kifin ke zuba ƙwai. A 2018 gwamnati ta sanar da rufewar, masunta suka ƙi, suka ce an zo musu da ita bagatatan, ga kuma manyan jirage na ci gaba da kwashe kifi ta haramtacciyar hanya. Dole aka ɗage. Da aka koma aka zauna da shugabannin masunta, sai aka rufe daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yunin 2019. Ba shi ne watan da masana suka fi so ba, amma masunta sun ajiye kwale-kwalensu, a 2021 kuma aka matsar da rufewar zuwa Yuli. Ilimin 2018 da na 2019 duk ɗaya ne. Abin da ya sauya shi ne an tambayi masu ruwa.

Mu ma a Nijeriya muna da kayan aikin. Akwai cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, akwai ta kifin ruwan daɗi a New Bussa kusa da madatsar Kainji, akwai cibiyar binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, akwai sashen nazarin teku a Jami'ar Kalaba, ga cibiyar malaman gona ta ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A 2023 aka kafa ma'aikata guda don harkokin teku. Kuma kun ji cewa shirin na Amurka bai tsaya a ruwan gishiri ba, ya haɗa da tafkuna. Don haka masuncin Baga, da na Yawuri, da na fadamar Haɗeja da Nguru inda ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, duk maganar ta shafe su.

Kirana ga shugabannin jami'o'inmu da cibiyoyin bincike shi ne, kafin ku rubuta tsari na gaba, ku je bakin ruwa. Ku zauna da Sarkin Ruwa da masu jefa koma, ku zauna da matan da ke banda da 'yan kasuwar kifi. Ku zaɓi matsaloli uku ko huɗu ku bayyana su a fili, ku faɗi shekarar da za ku dawo da amsa, ku ajiye ma'aikaci a garin wanda za a san sunansa da gidansa. Ku saka wa malamin da ya warware wa masunta matsala kamar yadda kuke saka wa wanda ya buga takarda a mujallar waje. Gwamnoni da 'yan majalisa kuma su ba da kuɗin da zai ɗore shekara huɗu a jere, domin binciken ruwa ba ya yiwuwa da kuɗin da ke zuwa bana ya ɓace baɗi. Ku kuma masunta, idan aka kira ku taro ku je, ku faɗi abin da kuka gani a ruwa, ku tambayi yaushe za a dawo muku da bayani. Haƙƙinku ne, domin da dukiyar jama'a aka gina jami'a.

A nan za mu dakata a sharhinmu na yau. Allah ya albarkaci ruwayenmu da masu neman halal a cikinsu.